Filashi Biyu Masu Suna Ɗaya

Da yawanku sun tambaye mu me ya hana jaridar bango fitowa har mako uku. Ga amsar, ko da yake akwai kunya a cikinta.

Kulob ɗinmu yana da tsohuwar laftof guda ɗaya tak. A kanta muke buga labarai kafin mu kai shago a fitar mana da su a takarda. Wata Litinin muka kunna ta, sai ta tsaya da baƙin allo, ta ƙi shiga. Malamin kwamfuta ya duba ya ce Windows ɗin cikinta ya lalace, sai an zuba sabo. Kuɗin asusunmu bai kai na mai gyara ba, sai muka ce za mu yi da kanmu.

Mun zaci kwafar fayil ne kawai, irin yadda ake tura waƙa. Ashe ba haka ba ne. Kwamfutar da ta ƙi tashi kamar motar da batirinta ya mutu ce, sai an tura ta daga waje. Filashi ne ke yin turin. Ana samo wani babban fayil da ake kira ISO, na Windows ya wuce giga 5, sai wata manhaja ta rubuta shi a filashi mai giga 8 ko fiye. Kafin ta rubuta kuwa, sai ta goge duk abin da ke cikin filashin. Wannan ne ba mu riƙe da kyau ba.

Yayan ɗaya daga cikinmu yana ajin ƙarshe a Jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil. Yana da fayil ɗin, kuma ya ara mana laftof ɗinsa ranar Juma'a zai shiga kasuwa. Mu huɗu muka zauna a zauren gidansu. Muka soka filashin kulob. Ba mu lura ba nasa filashin yana soke a ɗaya gefen.

Manhajar da muka buɗe cike take da akwatuna: MBR ko GPT, FAT32 ko NTFS. Muka yi ta gardama a kansu kusan minti ashirin, alhali babu wanda ya san ma'anarsu a cikinmu. Akwatin sama, inda ake zaɓar filashi, ko kallonsa ba mu yi ba, don ya riga ya cika kansa. Filashin biyu girmansu ɗaya, sunan da suka fito da shi ma ɗaya. Da muka danna, gargaɗi ya fito da Turanci cewa za a goge komai. Mun karanta, mun kuma gane. Muka ce ai filashinmu babu komai a ciki, muka danna OK kamar yadda muka saba.

Babi uku na binciken kammala karatun Yaya ne a ciki. Da ya dawo ya duba, ya daɗe bai yi magana ba. Ƙanensa ya ce, "Yaya, don Allah ka yi haƙuri." Ya ce, "Wa ya ce ku taɓa abin da ba ku sani ba?" Da ma duka ya yi mana, da ya fi sauƙi. Babi biyu Allah ya taimaka ya taɓa tura wa malaminsa ta WhatsApp. Na ukun ya tafi.

Laifinmu ne, ba ma musu. Amma tun ranar muke tunanin gargaɗin nan. Ya ce za a goge komai, bai ce na wa ba. Da ya rubuta cewa filashin nan yana ɗauke da fayiloli, ya nuna sunan ko da guda uku, da mun ga "Babi na Uku" mun janye hannu. Da ya ce filashi biyu ne a soke, a cire ɗaya, da shi ke nan. Tambayar da ke iya ɓata aikin wata da watanni ta amsa wa kanta, mu kuma ta bar mu da MBR da GPT.

Ko da muka maimaita da filashin daidai ma, laftof ɗinmu ƙin tashi ta yi. Sai Malam ya bayyana mana cewa tsofaffin kwamfutoci masu BIOS suna son MBR, sababbi masu UEFI kuma GPT. Layi ɗaya ne wannan bayanin. Me zai hana a rubuta "tsohuwar kwamfuta" da "sabuwar kwamfuta" a gefen haruffan?

Malam ya nuna mana wasu manhajojin. Akwai Rufus, wadda wani mai suna Pete Batard ya fitar a 2011, kyauta ce. Abin da ya burge mu shi ne tana ɓoye manyan hadis na waje daga jerin zaɓi, sai mutum ya nema da kansa, don kada a goge su bisa kuskure. Tana da harsuna sama da 30, har da Larabci, kuma masu sa kai ne ke fassarawa. Hausa ba ta shiga ba tukuna, mun kuma fara rubuta kalmomin a bayan littafin kulob, ko wata rana. Akwai kuma Ventoy ta 2020. Ita sau ɗaya take goge filashi, tana tambaya sau biyu kafin ta yi, daga nan sai dai ka riƙa jefa fayilolin ISO ciki kamar hotuna.

Laftof ɗin ta tashi, da ita muka buga wannan. Mun ɗaura jan zare a filashin kulob, kuma duk wanda zai danna sai ya leƙa kowane gefe na kwamfutar tukuna. Kowace Asabar muna zuwa zauren, Yaya yana karanto babi na uku daga takardunsa na hannu, mu muna bugawa bi da bi. Saura shafi tara. Har yanzu da hanci yake amsa gaisuwarmu.