Iska ma ƴar wasa ce

Iska ba a ganinta, amma tana da nauyi. Dare da rana tana danne ƙasa da duk abin da ke bisanta. Wannan shi ake kira matsin iska. A bakin teku matsin yana da ƙarfi. In mutum ya hau tudu, sai matsin ya ragu, iskar ta yi shara-shara.

A shekarar 1968 aka yi wasannin Olimpik a birnin Meksiko. Birnin yana bisa tudu, metir 2240 sama da teku. Ko dutsen Bagazam na Abzin, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijar, bai kai nan ba. Matsin iskar can ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Cikin ƴan tsere akwai wani mutumin Ostareliya, Ron Clarke. A lokacin nan ba wanda ya taɓa gudun metir 10.000 da sauri kamarsa. Amma shi ɗan bakin teku ne. Ran 13 ga watan Oktoba aka shiga fili. Da tsere ya zo ƙarshe, sai numfashinsa ya kasa. Yana jan iska, amma abin da ke shiga huhu bai isar wa jiki ba. Ya zo na shida, ya faɗi sumamme, sai da likita ya sa masa oksijen kafin ya farfaɗo. Naftali Temu na Kenya ya zo na ɗaya, Mamo Wolde na Habasha na biyu. Su sun girma bisa tudu, jininsu ya saba da irin wannan iska.

Bayan kwana biyar, a wannan filin dai, wani Ba'amurke, Bob Beamon, ya zo dogon tsalle. Shi gudunsa gajere ne, ba ya bukatar dogon numfashi. Abin da ke tare mai gudu shi ne iskar da ke gabansa, ga ta kuwa ta yi sauƙi. Kuma akwai ƴar iska da ke tura shi daga baya. Ya sheƙo, ya tashi, ya dira a metir 8,90. Ya ƙara santimetir 55 bisa tsallen da ya fi kowane a duniya. Na'urar awo ma ta gaza, sai da aka ɗauko igiyar awo. Ba a wuce wannan tsalle ba sai a 1991, da Mike Powell ya yi metir 8,95 a Tokiyo.

Iska tana da wani aiki kuma: tana ɗaga abu. Yaro ya ɗauki faifan rufe ƙwarya, ya ɗan ɗaga bakinsa na gaba, ya wurga shi yana juyawa. Faifan zai yi ta shawagi kamar shirwa. Dalili kuwa, yana tura iska ƙasa, matsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na bisansa, sai ya tashi. Haka faifan da ake jifa a wasanni yake yi. Shi ya sa mai jifan faifai yake son iska ta huro ta gabansa, alhali mai gudu yana so ta bi bayansa.

Ƙwallo ma haka ne. In ɗan wasa ya buge shi ta gefe, sai ya tafi yana juyawa. Matsin iska ya yi yawa a gefe ɗaya, ya ragu a ɗayan, ƙwallon ya karkata, mai tsaron gida ya kama iska. A bisa tudu ƙwallo ya fi gudu, amma bai cika lanƙwasa ba.

Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. A Meksiko, Clarke ne ya ɗauko karan. Bai yi ragwanci ba, kuma Beamon bai ci banza ba: kowannensu ya yi shekaru yana horo. Fili ɗaya ne, iska ɗaya ce, ta kayar da wani, ta ɗaga wani. Tun daga lokacin, manyan ƴan tsere sukan hau tudu su yi makonni suna horo kafin babbar gasa. Mai son nasara a fili, bayan ya san abokin karawarsa, sai ya san iskar da zai shiga.