Mai Ɗaukar Hoto a Gidansa

A shekarar 1900 ne kamfanin Kodak na Amurka ya fito da wani ɗan akwatin ɗaukar hoto mai araha, ana ce da shi Brownie. Cikin shekarun 1950 irinsa ya shiga hannun waɗansu ma'aikata a ƙasar Hausa. Aiki da shi ba wuya: mutum ya ba rana baya, ya riƙe akwatin daidai cibiyarsa, ya leƙa ɗan madubin da ke sama, ya danna. Fim guda yakan ɗauki hoto 8, wani 12. Wuyar tana wajen waɗanda za a ɗauka, tun ba mutanen gida ba.

Akwai wani malamin makaranta da ya sayi akwatin nan don sha'awa kawai. Ya ɗauki 'yan dambe, ya ɗauki mahaya ran hawan salla, ba wanda ya ce masa kanzil. Amma da ya shigo da shi gida, yara kaɗai suka yi rububi, su kuwa ba su tsayawa wuri guda, hotonsu ya fito kamar hayaƙi.

Tsohonsa ya ce shi dai ya ji malamai sun yi saɓani a kan hoto, abin da ke da saɓani kuwa barinsa ya fi. Mahaifiyarsa ba ta kawo hujja ba. Shi ne ɗan farinta, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna ya ƙura mata ido. Da ya ce, "Inna, ɗaga kai kaɗan," sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Kakarsa ce ta fara yarda, ita ma don tsokana. Ta ce, "Maigidana, ɗauke ni, amma sai ka biya goro."

Hujjar matarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Ta ce, "Malam, wa ke wanke hoton?" Ya ce mai hoto na bakin kasuwa. Ta ce, "Watau ka tsare ni a gida, sa'an nan ka kai fuskata wurin wani ƙato ya duba son ransa?" Gaskiyarta kuwa. Fim ba ya zama hoto sai an kai shi ɗaki mai duhu an tsoma cikin ruwan magani, mai wankin kuwa shi ke fara gani, wani ma har yakan manna wanda ya yi kyau a shagonsa don talla. Masu cewa ƙin hoto duhun kai ne ba su yi wannan tunani ba.

Wani abokinsa ya ce ya ɗauke su ba su sani ba mana. Ya ƙi. Sai ya sayo magungunan, ya koyi wanki da kansa, da dare, ya toshe ƙofa da bargo. Fim biyu ya ɓata kafin hannunsa ya faɗa. Sa'an nan matar ta yarda, ta zaɓi zanenta, ta sa aka fito da tasoshin jerenta tsakar gida, domin hasken ɗaki bai isa ba.

Tsohon bai taɓa yarda ba har ya rasu. Iyakar abin da ya bari aka ɗauka shi ne buzunsa da butarsa da allonsa, a ƙofar zaure, da hantsi. Shi ne hoton da mahaifiyar ta karɓa ta ajiye a ƙasan akwatinta.