Kafin a yanke wa akwatin sauti hukunci

Malamin da ke tura darasi ta WhatsApp muryarsa ce allonsa. Idan allo ya yi duhu, yaro zai kwafi kuskure. Haka ma murya idan ta tsage. A shiftar Faransanci ta masu shirin jarrabawar BEPC, ko a karatun tajwidi inda ake son yaro ya bambance sinun da sadun, ƙaramar tsagewa tana iya haɗiye harafi guda.

A nan Gaya ina naɗar darussa da ɗan akwatin sauti da ake jonawa da kwamfuta ta wayar USB, makirfo kuma ya shiga cikinsa. Duk sanda abokin aiki ya kawo mini nasa yana cewa ya lalace, sai in ce mu fara saurare tukuna. Cutar sauti iri uku ce, kowacce da maganinta.

Ta farko ita ce tsagewa, kamar lasifikar da aka ƙure. Naɗin kwamfuta yana da rufin da ba a wucewa, wato sifili a ma'aunin desibel. Abin da ya haura nan sai a datse masa kai, kuma ba ya dawowa ko an rage ƙara daga baya. Mu malamai mun saba ɗaga murya don na bayan aji su ji, to makirfo ba ya bayan aji. A rage makunnin da aka rubuta wa Gain har jar fitila ta daina ƙiftawa. A manhajar Audacity nakan bar muryata wajen 12 ƙasa da sifili, in kuma bar taƙi guda tsakanina da makirfo.

Ta biyu ita ce ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Galibi kwamfuta ce ke kasa kai wa akwatin sauti a kan lokaci. A ɗaga bafa daga 128 zuwa 512, a rufe sauran manhajoji, a jona wayar kai tsaye a jikin kwamfutar maimakon ta mahaɗa mai baki da yawa. A kuma duba cewa Windows da manhajar naɗi suna kan lamba ɗaya, ko dai 44,100 ko 48,000. In kuwa sai an murɗa makunni ake jin ƙarar, ƙurar hunturu ce ta shige shi.

Ta uku gurnani ne da ba ya yankewa, kuma shi ya fi damunmu. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar ce ke kutsowa cikin naɗi ta caja maras kyau ko soket maras wayar ƙasa. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, mutane da yawa sun koma janareta da inbata, masu araha daga cikinsu kuwa suna ƙara nasu zizar. Gwajin ba ya cin ko dala: a zare caja, a naɗa da batir. In gurnanin ya ɗauke, akwatin ba shi da laifi.

Abu ɗaya nake roƙo: a sauya abu guda a lokaci guda, a naɗa, a saurara. Wanda ya sauya waya da soket da saiti gaba ɗaya ba zai san wanne ya yi maganin ba. Tun da aka rufe gadar Malanville samun kaya ya ƙara wuya, bai kamata a aika Kamba ko Yamai neman sabo ba alhali matsalar caja ce.

Iyaye kuma ga naku. Yaron da bai ji kalma sosai ba ƙara murya yake yi a abin kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sauraron yara ya wuce desibel 75 na awa 40 a mako. Idan darasi ya zo a tsage, ku sanar da malam ya sake naɗa, kada ku bar yaro ya ƙure waya a kunnensa.