Tafkunan Kuza: Abin Da Na Gano A Bukuru

Tun ina ƙarama nake jin labarin Jos a bakin mahaifina, garin sanyi da duwatsu, inda kakanmu ya bar ƙarfinsa a ramin kuza. Amma Allah bai nufe ni da zuwa ba sai hutun da ya wuce, da bikin autar Goggona ya taso a Bukuru, wani gari da ke kudu da Jos.

Tun da muka wuce Saminaka mota ta fara hawan tudu na ji iska ta sauya, na jawo mayafina na ƙudundune. Muna dab da Bukuru kuwa sai na riƙa hango wasu tafkuna, ruwansu kwance luf kamar an shimfiɗa madubi, ga tsibin jar ƙasa a gefensu, ga dogayen bishiyoyin turare sun yi sahu. Na ce a raina, wallahi ba zan bar garin nan ba sai na ɗauki hoto a bakin ruwan nan.

Kwana biyu da kai amarya na matsa wa Goggo ta raka ni. Muna isa na tuɓe takalmi, na tattare zanina zan tsoma ƙafa. Ban ankara ba sai na ji an fizgo ni da ƙarfin da ban taɓa zaton tsohuwa tana da shi ba. Na waiwaya, na ga idanunta sun kaɗa sun yi jawur.

"Ummi, kada ki sake. Ruwan nan shi ya cinye mini ɗana na biyu, yana da shekara tara. Wanki muka zo."

Jikina ya yi sanyi ƙalau. Na san ta taɓa rasa ɗa, amma ba wanda ya taɓa faɗa mini yadda abin ya faru. Ashe abin da na ɗauka tafki ne na Allah da Annabi, tsohon ramin haƙar kuza ne da ruwan sama ya cika. Ba shi da gaɓa kamar kogi, taku ɗaya daga baki sai zurfi, ga sanyin da ke ƙandarar da jiki, ga laka a ƙasa. Irinsa kuwa ɗaruruwa ne a ƙasar Filato.

Da dare muna jin ɗumin garwashi, mijinta, wanda muke kira Baffa, tsohon malamin gona, ya warware mini zare da abawa. Ya ce tun kafin zuwan Turawa mutane ke narka kuza a yankin, amma kamfanoninsu sun fara haƙa ne wajen 1904. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuzarta, sai aka shiga kwaso mutane daga lardunan Arewa aikin tilas. A cikinsu aka kawo kakanmu. Da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Da farashin kuza ya faɗi warwas a 1985, harkar manyan kamfanoni ta durƙushe, ramuka suka zama gadon mutanen gari.

"Baffa, to me ya hana a mayar da ƙasar a cike su?" na tambaye shi.

Ya yi murmushi. "'Yar nan, ƙasa ai ba ɗaya ba ce. Ta sama, baƙar nan da ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba, ita ce mai rai, ita ke ciyar da shuka. Injin haƙa kuwa juye komai yake yi, ya binne ta sama, ya ɗora matacciya a kai. Ko kin cike ramin, abin da kika samu fili ne, ba gona ba."

Ya ce ba wai ba a yi ƙoƙari ba. Bayan dokar ma'adinai ta 1946 gwamnati ta baje wasu tsibin ƙasar, aka dasa bishiyar turare, wadda asalinta daga Ostireliya take, don tana jure ƙasa marar taki. Ta riƙe ƙasa daga zaizaya, ta ba da itacen girki da azara. Sai dai daga baya masu bincike suka gano tana ƙara wa ƙasa tsami, amfanin gona ba ya jin daɗi a ƙarƙashinta. Gawo ya fi ta kirki, domin ganyensa taki ne, kuma da damina yake zubar da shi, ba ya tare wa shuka rana.

Washegari da sassafe Goggo ta ce in zo in ga wani abu. Muka zagaya ɗaya gefen tafkin nan dai da ya sa ta kuka. Kai, 'yan uwa, ban taɓa ganin kore irin wannan ba! Kabeji kamar kan jariri, ga karas, ga latas, ga tumatir, injin ban ruwa yana ta tartatsi yana jawo ruwa daga ramin. Ta nuna mini fadamarta, ta ce lokacin da ta karɓi wurin ko ciyawa ba ta tsira. Shekara da shekaru tana zuba takin shanu da kashin kaji da tokar shara, tana tsince leda da batir daga ciki, har jar ƙasa ta koma baƙa. Da kuɗin kabejin nan aka yi wa amaryarmu gado da kujeru.

Na ce, "Goggo, yaya kike iya zuwa nan kullum?"

Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ya karɓi nawa, ni ma sai ya biya ni. Kuma in ina nan, ba yaron da zai matsa kusa da bakinsa."

Har yau ana haƙar kuza a Filato, yawanci da diga da shebur, mata na wankewa, sababbin ramuka na ƙaruwa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara wurin da ya ɓata, kuma Baffa ya ce gyaran tun ranar farko yake farawa: a kwashe ƙasar sama a ajiye gefe, in an gama a cike rami, a mayar da ita, a yi shuka, a kuma kula da shukar har ta kama. Ramin da ba zai ciku ba a sassauta gangarensa, a killace shi.

A hanyar komawa na riƙa tuna kududdufan unguwarmu a Kano, waɗanda su ma ramukan ɗibar ƙasar gini ne, da yadda muke aiken ƙannenmu zubar da shara a bakinsu ba tare da tunanin komai ba. Don Allah 'yar uwa, in akwai irinsu kusa da gidanku, ki sa ido a kan yara, musamman da damina.

Hoton dai na ɗauka, amma a tsakiyar kabeji, ni da Goggo, tana riƙe da hannuna gam.