Gawi: Inda Ake Koyon Gane Abincin Ƙasa Na Ainihi

A wannan wata mun nufi Gawi, ƙauyen Kotoko da ke wajen kilomita 10 arewa maso gabas da Injamena. Mutanen garin sun ce su jikokin Sawo ne, waɗanda suka zauna a bakin kogin Shari tun kafin a kafa birnin da Faransawa suka kira Fort-Lamy a 1900, aka kuma sauya masa suna zuwa Injamena a 1973. Tsohon gidan sarkin Gawi ya zama gidan ajiye kayan tarihi. Mata ne ke yi wa bangon gidaje zane, su ne kuma ke gina tukwane da randuna da tuluna da ake kaiwa kasuwannin birni.

Gawi ba garin gidajen sayar da abinci ba ne. Amma a gindin murhunsa ne mutum zai san abin da zai auna abincin birni da shi. Yau ko'ina a Injamena akwai allo mai cewa ana sayar da abincin gargajiya. To, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ga abubuwan da muke dubawa kafin mu fitar da kuɗinmu.

Na farko shi ne tuwo, wanda Larabawan Cadi ke kira esh. Na ainihi da gero ko dawa ake tuƙa shi, a zuba a ƙwaryar da aka shafa wa mai, a kife a faranti. Ku duba bayan malmalar, za ku ga shatar ƙwarya. Ku gutsura: ba gudaji, ba ya manne wa hannu, ƙanshin hatsi yana tashi. In kun ga tuwo fari fat, ba ƙanshi, ya yi ruwa kafin ku kai rabi, to garin kanti ne aka tuƙa cikin gaggawa.

Na biyu miya, a nan kuwa ake yin ta. Daraba miyar kuɓewa ce, ɗanya ko busasshiya, sau da yawa da sharmut, wato busasshen naman da aka yanka sili-sili aka shanya, aka daka. Abin da ke ba miya ƙarfi shi ne kawal. Mu Hausawa mun san ganyen, tafasa ce. Ana daka ta ɗanya, a cusa a tukunyar ƙasa, a rufe, a binne kamar mako 2 har ta ruɓa, sannan a dunƙula a shanya. Matsayinta a miyar nan kamar matsayin daddawa ne a miyar kuka. Warinta ba ya ɓoyuwa, tun daga bakin ƙofa hanci zai ba ku labari. Miyar da ba ku ji komai cikinta ba sai gishiri da dunƙulen kanti, sunan kawai ta ara. Ku lura kuma, a al'ada da tukunyar ƙasa irin wadda matan Gawi ke ginawa ake yin kawal. Duk ranar da masu dafuwa suka bar kawal, magina ma sun yi asarar ciniki.

Na uku kifi. Kotoko masunta ne tun kaka da kakanni, ga Shari ga Lagon suna haɗuwa a Injamena, daura da Kusiri ta Kamaru. Ɗanyen giwan ruwa ko karfasa, idonsa garau yake, namansa da tauri. Busasshen salanga da banda kuwa, ku shinshina. Banda mai kyau ƙaurin itace take yi. In kun ji warin maganin ƙwari, ku ture farantin, lafiya uwar jiki.

Na huɗu kisra. Ƙullun dawa ne da ya kwana ya yi tsami, a shimfiɗa shi siriri a kan ƙarfe mai zafi. In ba ɗan tsamin nan, ƙullun bai kwana ba.

Wannan damuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. Mutanen Meziko, inda aka fara noman masara, suna kukan cewa yawancin abin da ake sayarwa da sunansu a ƙasashen waje girkin Texas ne ta Amurka. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkinsu na gargajiya cikin kayan gadon duniya. Ashe ko'ina allo ba ya dafa miya.

Shawararmu ta ƙarshe: ku duba masu cin abincin. In direbobi da 'yan kasuwa da dattawan unguwa sun cika benci, abinci kala 2 ko 3 ne kawai, ya kuma ƙare kafin la'asar, ku wanke hannu ku zauna. Ranar hutu kuma ku kai yara Gawi, su ga tukunya tun tana yumɓu, ku sayo ɗaya ku kai wa uwargida. Gani ya kori ji.

Allah Ya ba mu lafiya da abin sawa a baki, amin.