Shafi Nawa Ne Littafinka?

Wannan makon za mu ajiye maganar jigo da salo, mu taɓa lissafi.

Duk wanda ya gama labari a cikinmu, tambayar farko da ake yi masa ita ce, shafi nawa? Sai ya duba WPS a wayarsa ya faɗi abin da ya gani. Mu da ke rubutu daga Birnin Kudu da Gwaram tambayar ta fi yi mana nauyi, domin aikin littafi mai yawa Kano muke kai shi. Kafin mutum ya bi ta Wudil ya je ya dawo, kuɗin mota ya ci rabon takarda, shi ya sa yawanci ta waya ake ciniki, kuma abin da aka ce maka shi za ka biya.

Da muka tashi haɗa kundin gajerun labarai, sai muka yi yarjejeniya kowa ya biya gwargwadon shafukan da labarinsa ya ci. Labarai suka riƙa shigowa, wasu a Word, wasu a PDF, wasu kuma a saƙon WhatsApp aka rubuta su kai tsaye. Wata 'yar'uwarmu daga Gwaram ta ce nata shafi 6 ne, mai tsara mana littafin ya ce 11. Da kuɗin ɗinkinta za ta biya, kuma ta kusa janye labarin saboda tana ganin an raina mata hankali. Alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Abin da ke faruwa shi ne, rubutun Word ba shi da tsayayyen shafi. Kamar ruwa yake, siffar mazubin da aka zuba shi yake ɗauka. Ita a kan faɗin A4 ta rubuta, littafin kuwa A5 ne, rabin wancan. Girman harafi, tazarar layi da faɗin gefe duk suna motsa adadin. Ga kuma namu na Hausa: ƙ, ɗ da ɓ. Kafin wayoyi su iya su, mutane da yawa sun dogara da nau'in harafi na Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma har yau akwai tsofaffin fayiloli da aka buga da shi. In aka buɗe su a kwamfutar da ba ta da shi, sai ta musanya da wani, ƙugiyoyin su ɓace, layuka su zame, shafukan su ƙaru ko su ragu. PDF ne kaɗai shafinsa a daskare yake, amma shi ma girman da aka ajiye shi a kai yake riƙewa, ba girman littafinka ba.

Mai tsara mana littafin yaro ne mai son ƙwaƙule-ƙwaƙulen kwamfuta, da InDesign yake aiki. Manhajar tana karɓar gajeren rubutaccen umarni a harshen JavaScript, wato ka rubuta mata matakan aiki sau ɗaya, ta riƙa maimaitawa da kanta. Nasa bai cika fuskar kwamfuta biyu ba. Umarnin yana shiga jakar da aka tara labaran, ya ɗauki fayil ɗaya, ya zuba shi a cikin ainihin girman littafin da ainihin harafin da za a buga, ya yi ta ƙara shafi har rubutun ya daina malala, ya rubuta sunan fayil da adadinsa, ya goge, ya ɗauko na gaba. In PDF ne, sai ya karanto adadin daga cikin fayil ɗin, inda ake ajiye shi a gaban kalmar Count. Aikin da zai cinye masa yini da man janareto ya ƙare kafin shayi ya huce.

Ba InDesign kaɗai ke da wannan ba. Scribus kyauta ce, kuma tana karɓar umarni da Python. CorelDraw, wadda ita ce ta cika shagunan kwamfutarmu, ita ma tana da nata. (Amma don Allah a daina tsara littafi mai shafi 100 a CorelDraw, katin biki da kalanda ta fi dacewa da su.)

Jadawalin da ya fito muka saka a zaurenmu kowa ya gani. Bai rage wa kowa ko sisi ba, wasu ma ƙari suka samu. Amma mudu ɗaya aka auna kowa da shi, kuma 'yar'uwar nan ta ga cewa na kowa ya kusa ninkawa kamar nata, sai ta biya. Ya kuma tona asirin masu danna Enter sau goma don su tura sabon babi shafi na gaba. A waya ba ya nuna komai, a littafi kuwa fili ne fetal da za a biya kuɗinsa.

Akwai abin da umarnin bai raba mana ba. Takarda ɗaya in an naɗe ta shafi 4 take bayarwa, manyan injuna kuma 8 ko 16 suke bugawa a fallen takarda guda. Namu ya tsaya a 98. In an bi huɗu-huɗu ya zama 100, in an bi sha shida-sha shida ya zama 112, wato shafi 14 da babu labarin kowa a kai. 'Yan Birnin Kudu sun ce a raba kuɗinsu daidai, 'yan Gwaram sun ce masu dogayen labarai su ɗauka, wani kuma ya ce a ba shi ya cika su da waƙoƙinsa kyauta. Waɗanda suka taɓa haɗa kundi a cikinku, wa ya biya farar takarda?