Kwalbar da muka ɓoye cikin tukunya

Daga ƙungiyarmu ta asusu a Tanda.

A watan Maris na 2020 Korona ta shigo Nijar. Aka rufe iyakoki, gadar Gaya zuwa Malanbil ta yi tsit, ita ko Najeriya dama tun Agustan 2019 ta rufe tata. Daga baya aka killace Yamai, ba shiga ba fita. Mu dai tunaninmu na kan kasuwa da zubin mako, har ranar da wata 'yar'uwarmu ta zo taro tana hawaye.

Ɗiyarta mai shekara shida tana da ciwon suga irin na yara, wanda jiki ba ya yin insulin ko kaɗan. Ba shan zaƙi ya jawo shi ba, ba kuma sammu ba ne. Allura ce kullum, ba fashi. Ƙanin mijinta ke kawo maganin daga Yamai, ga shi hanya ta toshe, saura na kwana biyar.

Nan take muka buɗe akwatin taimako, wanda muka saba taɓawa sai biki ko rasuwa. Muka biya kabu-kabu zuwa Gaya, aka bi gidajen magani har aka dace.

Sai kuma matsalar zafi. Bazara ce, ba mu da firigo, insulin kuwa zafi na kashe ƙarfinta. Ma'aikaciyar likita ta nuna mana dabara: a ɗaure kwalbar cikin leda, a sa a ƙaramar tukunyar ƙasa, ita kuma cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a ajiye a inuwa. Kada a ɗora ta kan ƙanƙara.

Mun kuma koyi alamu. In yarinyar ta kama zufa da makyarkyata, suga ya sauka, a ba ta ruwan sukari maza. In ta suma, kada a ɗura mata komi, sai likita. Ko ba ta da lafiya, ba a tsai da allura da ka.

Yau tana lakkwal, Alhamdu lillahi. Tun ran nan muka ware kaso cikin akwatin don maganin da ba ya jira. Ku ma ku duba a ƙungiyoyinku. Yaron da ke yawan ƙishirwa da fitsari yana ramewa, a kai shi a auna jininsa tun da wuri.